HP, Dell ko Lenovo: wacce zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, na daɗe ina tara kuɗin laftof. Na ga HP, Dell da Lenovo masu ƙarfi kusan ɗaya, amma farashinsu ya sha bamban. In ɗauki mai araha kawai? Kuma wane kamfani ya fi kula da mai saye idan ta samu matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Kafin sunan kamfani ya ɗauke miki hankali, ki duba wane aji kwamfutar take. Duka ukun sun ƙera na gida, irin su Pavilion, Inspiron da IdeaPad, sun kuma ƙera na ofis, wato EliteBook, Latitude da ThinkPad, wadda Lenovo ya gada lokacin da ya sayi sashen kwamfutocin IBM a 2005. Galibi tazarar farashin a nan take. Ta ofis ta fi ƙarfin jiki, mahaɗin murfinta ya fi jure buɗewa da rufewa, kayan gyaranta sun fi samuwa. Lenovo ma yana sa littafin gyaran ThinkPad kyauta a shafinsa, da zanen kowace kusa.

Maganar kulawa kuwa, ni takardar garanti nake karantawa. Yawanci shekara ɗaya ce, kuma ko an ƙara wa kwamfutar shekaru, sau da yawa batir yana nan a shekara ɗayansa. Ki juya kwamfutar, a ƙasanta akwai lamba. Ta Dell ana kiranta Service Tag, haruffa da lambobi bakwai. Ki shigar a shafin kamfanin, nan take za ki ga ranar da garantin zai ƙare. Ki tabbatar yana aiki a ƙasar da kike, domin wani garantin ba ya tsallake iyakar inda aka fara sayar da kayan.

Sai ki tambaya ko ana iya ƙara RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke riƙe aikin da take yi. A sirara da yawa manne yake a jikin bod, wato babban allon cikin kwamfutar, yadda kika saya haka za ta tsufa. Wannan ya fi damuna a kan bambancin suna.

Da ni ce, in kuɗi bai kai ba, ta ofis da aka ɗan yi amfani da ita zan ɗauka. Sharaɗi ɗaya: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, don haka in processor ɗinta, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, na Intel ne, ki nemi zubi na 8 zuwa sama, kuma kwamfutar ta kasance mai TPM 2.0 (wani ɗan sashen tsaro), wadda za ta karɓi Windows 11.