Idan Direban Keken Doki Ya Makara Ranar Tsere, Me Ake Yi Masa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Damagaram ne. Kusa da inda nake sana'a akwai shagon da talabijin ɗinsa ke nuna tseren dawakin Faransa, irin wanda doki ke jan ɗan keke mai ƙafa biyu, mutum na zaune a baya riƙe da linzami. Ran nan ana dab da tashi sai aka rubuta cewa an canza direban wani doki. Wani da ke tsaye a wurin ya ce makara ya yi, kuma shi ke nan an kore shi daga sana'ar. Ni dai ban yarda ba. Mu nan idan ana sukuwa mahayi bai iso ba, ai jira ake yi, ko a aiki yaro ya kira shi. Da gaske ne ana hukunta direba don ya makara? Wane irin hukunci ne, kuma wa ke yanke shi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Kai da mutumin naka kowa ya kama ɓangare guda na gaskiya. Ana hukunta direba idan ya makara, wannan babu tantama. Amma a ce makara ɗaya ta raba mutum da sana'arsa, nan kam ya zuba gishiri da yawa. Kuma ba kowane canjin direba ne makara ke jawowa ba. Sau da yawa rashin lafiya ce, ko kuma direban ya faɗi a tseren da ya gabata likita ya hana shi komawa kan keke.

Kalmar makara ɗaya ce a bakinmu, amma a wajen alƙalan tsere ta kasu. Akwai wanda ya iso filin bayan lokacin da aka ce ya bayyana kansa, amma dai tserensa bai zo ba. Akwai wanda ya iso ya tarar an riga an ba wani dokinsa, ko bai zo ba gaba ɗaya. Akwai kuma wanda yana filin tun da rana, amma ya yi nawa wajen fitowa da doki ko wajen shiga sahu, ya sa kowa na jiransa. Kowanne da nauyinsa.

Na farko shi ne ya fi yawa. A filaye da dama na Arewacin Amurka ƙa'idar ita ce awa guda. A lardin Ontario na Kanada, alal misali, ana bukatar direba ya bayyana gaban jami'in da ke kula da bargar shiri aƙalla awa guda kafin tseren da aka sa sunansa, sai dai idan alƙalai sun ba shi uzuri. Bargar shiri wuri ne killatacce da ake tara dawakin da za su yi tsere a ranar, ba a shiga sai da izini. Wannan awa gudan ba ta zaman hira ba ce. Direba zai sa hannu, zai hura na'urar gwajin barasa, zai sa hular kwano da rigar kariya, zai ga mai horar da dokin ya ji ko an sauya wani abu a kayan ɗaurin dokin, ko dokin na karkata gefe guda a kwana. Wanda ya faɗo filin saura minti biyar yana haki, ko da a ce ya iso kafin a tashi, bai yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, kuma alƙalai ba za su yafe masa hura na'urar nan don yana sauri ba. Galibi abin da ke biyo baya gargaɗi ne ko 'yar tara a karon farko, idan ya maimaita tarar ta ƙaru, idan abin ya zame masa ɗabi'a a dakatar da shi na wasu kwanaki.

Ka ce me ya sa ba a jira. Wannan tambayar ita ce zuciyar maganar, don haka bari in ɗan daɗe a kanta.

Dalili na farko shi ne dokin kansa. Dabbar da za ta yi mil guda, wato mita 1,609, cikin ƙasa da minti biyu, ba a fito da ita daga barga a ce ta tashi. Tun sa'o'i kafin tsere ake zagayawa da ita a hankali ana ɗumama jikinta, an auna lokacin daidai da lokacin tashi. Doki tara sun ɗumama, sun fito, sai a tsayar da su cikin sanyin Janairu ana jiran mutum ɗaya, jijiyoyi su sake sanyi, masu zafin rai su fara tirjiya. Gudun kuma ba na wasa ba ne. A watan Yulin 2022 wani doki mai suna Bulldog Hanover ya yi mil guda cikin minti 1 da daƙiƙa 45.8 a filin Meadowlands da ke jihar New Jersey, Dexter Dunn na tuƙa shi. Wato kusan kilomita 55 a awa, a kan keken da ba shi da birki, ƙafar kekenka na kusan gogar ta maƙwabcinka. Ba wurin da ake son mutum ya shiga hankalinsa a tashe ba ne.

Sai kuma kuɗi, wanda in za a faɗi gaskiya shi ne ya fi ƙarfi. Wannan wasa caca ce ke riƙe da shi. Hukuncin caca a addini malamai sun gama bayani, ba shi ne aikina a nan ba, amma ba za a fahimci tsananin dokar lokaci ba sai an san haka. Tseren da ka gani a talabijin a Damagaram, a daidai wannan minti ana kallonsa a Faris da Bamako da Wagadugu da Yawunde, domin tsarin cacar tseren dawaki na Faransa, wato PMU, wanda aka kafa a 1930, ya bazu a ƙasashen da Faransa ta rena. An tsara jadawalin yini ta yadda wannan fili ya gama wancan ya ɗauka. Fili ɗaya ya yi jinkirin minti goma, ya hau kan lokacin wani. Haka abin yake a Amurka, inda mafi yawan kuɗin da ake zubawa ba daga mutanen da ke zaune a filin yake fitowa ba, daga masu kallo daga nesa ne.

Sannan sunan direba a takardar tsere alkawari ne da aka yi wa jama'a. A wannan wasa direba ba ɗan rakiya ba ne. Shi ke yanke shawarar ko a fita da ƙarfi tun farko a kama gaba, ko a laɓe bayan wani doki a ɓoye daga iska sai kwanar ƙarshe. Doki ɗaya a hannun mutum biyu doki biyu ne. Shi ya sa ba a canza direba sai da amincewar alƙalai, kuma dole a sanar a lasifika da allo. Wani abin lura ga mai kallon tseren Faransa: a can rigar da direba ke sawa launin mai doki ce, don haka ko an canza mutum rigar na nan yadda take, in ba a rubuta ba da wuya ka gane. A Amurka da Kanada kuwa kowane direba da launinsa da ya yi wa rajista, daga nesa masu zuwa fili ke gane wanda ke kan keke.

To wa ke yanke hukunci? A Amurka kowane fili na da alƙalai uku, babba ɗaya da mataimaka biyu, suna aiki ƙarƙashin hukumar tsere ta jihar. Akwai ƙungiyar tseren keken doki ta ƙasa, USTA, da aka kafa a 1939 mai mazauni a jihar Ohio, wadda ke da littafin ƙa'idoji kuma take wallafa jerin waɗanda aka ci tara ko aka dakatar, amma a filayen da ake caca dokar jiha ce ke gaba. Shi ya sa ba zan ce maka tarar makara dala kaza ce ba: ta New Jersey daban, ta New York daban, ta Ontario daban. A Ostireliya da New Zealand masu sa ido na fili ne ke yankewa, kuma bayan kowane taro suna fitar da rahoto da kowa zai iya karantawa, har da canjin direbobi da wanda aka ci tara. A Faransa kwamishinonin fili ne, ƙarƙashin ƙungiyar da ke kula da irin wannan tsere, wato tseren sassarfa, ta ƙasar, kuma makamansu biyu ne, tarar kuɗi da saukar da direba daga keke na wasu kwanaki.

Abu biyu ke sa ƙaramin hukunci ya yi ciwo a Amurka. Tara in ba a biya ba mutum dakatacce ne har sai ya biya. Kuma dakatarwar da aka yi a jiha ɗaya sauran jihohi na mutunta ta, ba a tsallaka iyaka a ci gaba da tuƙi kamar ba a yi komai ba. Wanda yake ganin an zalunce shi yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa hukumar jiha. A Ontario ma tun 2016 akwai kwamiti mai zaman kansa da ke sauraron irin waɗannan ƙararraki. Sai dai ba kasafai mutum ke ɗaukar lauya a kan tarar makara ba, kuɗin lauyan ya fi tarar.

A ganina, ba a takardar alƙalai gizo ke saƙar ba. Mu yi ɗan lissafi. A Arewacin Amurka an saba raba kyautar tsere tsakanin dawaki biyar na farko: kashi 50 cikin ɗari, 25, 12, 8, sai 5. Direba kuma na karɓar kashi 5 cikin ɗari na abin da dokinsa ya ci. Tseren dala 20,000, dokin da ya zo na ɗaya ya samu 10,000, direba ya samu 500. A babban tseren Hambletonian, wanda aka fara a 1926 kuma aka koma da shi Meadowlands a 1981, kyautar dala miliyan ɗaya ce, rabon direban da ya ci dala 25,000. Manyan direbobi ba albashi suke ɗauka ba, 'yan haya ne, kuma mutum ɗaya na iya hawa tsere goma ko fiye a dare guda. Ya makara an cire shi daga uku na farko, kuɗin ukun nan ya tafi aljihun wani. Mafi muni, idan wanda ya maye gurbinsa ya ci da dokin, mai doki zai ce a bar masa shi mako mai zuwa. Babu alƙalin da ya rubuta wannan hukunci, babu kuma inda za a ɗaukaka ƙara a kansa. A ɗakin direbobi kullum akwai matasa zaune da hularsu a hannu, irin wannan ranar suke jira.

Kada ka ɗauka sakaci ne kawai ke jawo makarar. Yawanci neman abinci ne. Direbobi da yawa na yin fili biyu a yini, ɗaya da rana ɗaya da dare. Marigayi Hervé Filion, ɗan Kanada daga lardin Quebec da ya rasu a 2017 bayan ya ci tsere sama da 15,000, ya shahara da haka: da rana yana filin Freehold a New Jersey, da dare yana filayen New York irin su Yonkers. Tazarar kimanin kilomita 100 ce, a hanyoyin da cunkosonsu ya yi suna a duniya. Kwatanta mutumin da ya sauka daga keke ƙarfe huɗu da rabi, laka a fuskarsa da tabarau, ya jefa jakar kaya a bayan mota ba tare da ya cire rigar tsere ba, ga tsere na farko a ɗaya filin ƙarfe bakwai. Komai ya tafi daidai zai isa da sauran lokaci. Babbar mota ɗaya ta lalace a kan gada, lissafin ya rushe.

A nan ne waya ke raba mai tara da mai uzuri. Alƙalai sun san hanya, su ma ita suke bi. Direban da ya kira ofishinsu tun yana cikin cunkoso ya ce ga inda nake, ba zan kama tsere na ɗaya da na biyu ba, ya ba su lokacin neman wani da sanar da jama'a cikin natsuwa, kuma sau da yawa maganar a nan take mutuwa ko ta ƙare da gargaɗi. Wanda ya yi shiru yana fatan zai iso, aka yi ta kiran sunansa a bargar shiri, mai horo na riƙe da doki yana leƙen ƙofa, shi ne ke shan tara. Wanda kuma aka gano cewa ba cunkoso ba ne, ya bar dokin da ya yi wa alkawari ne ya tafi wani fili inda kyauta ta fi tsoka, laifinsa ya tashi daga makara ya koma saɓa alkawarin tuƙi, kuma a nan ne dakatarwa ke shigowa da wuri. Haka idan aka ga alamar cewa jinkirin dabara ce ta kauce wa gwajin barasa.

Nau'in makara na uku, wato jan ƙafa a cikin fili, hukuncinsa a hannun mai sallamar dawaki yake, wato jami'in da ke ba da umarnin tashi. A Amurka tun 1946 ake tashi a bayan mota mai dogayen fikafikai biyu na ƙarfe: dawaki su jeru a bayanta tana ƙara gudu, ta isa layin tashi ta naɗe fikafikan ta wuce. Direban da ya jinkirta tashi, ko ya ƙi kawo dokinsa gurbinsa a bayan motar, mai sallama na da ikon cin sa tara ko dakatar da shi, kuma a ƙa'idar USTA dakatarwar na iya kaiwa kwana 15. A Faransa ana amfani da motar, amma manyan tsere da yawa, har da Prix d'Amérique, wanda aka kafa a 1920 kuma ake yi a filin Vincennes da ke Faris ranar Lahadin ƙarshe ta Janairu, ba da mota ake tashi ba. Dawakin kan shigo daga gefe su juya su kama hanya tare. Doki 18 na juyawa lokaci guda, mutum ɗaya ya yi gaggawa ko ya ɓata sahu sai a sake, kuma kwamishinoni na hukunta wanda ya jawo hakan.

Game da direban da kuka gani, kwamishinonin Faransa na wallafa hukunce-hukuncensu bayan kowane taro. Hanya mafi sauƙi a gare ka kuwa ita ce ka duba takardar tseren kwanakin da suka biyo baya. In ka ga sunansa washegari, ka gaya wa mutumin naka ba a kori kowa ba. In ya ɓace na mako guda ko biyu ya dawo, to ko dai an sauke shi daga keke na 'yan kwanaki ne, ko yana jinyar kafaɗa.