Kan tambayarka ta al'adun mutane da gadon jini

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce kun yi gardama da abokanka kan ko al'ada a jini take, har ka kafa hujja da cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. To, ita barewa gudunta a jini yake, amma sha'anin ɗan Adam ya fi haka sarƙaƙiya.

A ɗauki jariri daga Japan a raine shi a Brazil. Da Fotugisanci zai buɗe baki, ko kalma ɗaya ta Japananci ba zai sani ba. Abin da ya fito da shi daga ciki shi ne ƙwaƙwalwa mai kwaɗayin kwaikwayo. A 1931 wani masani a Amurka, Winthrop Kellogg, ya haɗa ɗansa na cikinsa da wata jaririyar birin cimfanzi ya raine su tare har wata 9. Birin ba ta yi magana ba. Yaron ne ma ya fara kwaikwayon kukanta! Ni dai na jinjina wa haƙurin uwar yaron nan.

Inda abin ya fi ba ni mamaki shi ne ita ma al'adar takan juyo ta taɓa jinin. Yawancin mutane, bayan yaye, jikinsu yakan rage sinadarin da ke narkar da sukarin madara, shi ya sa in sun girma take ɓata musu ciki. Kusan kashi ɗaya cikin uku na manya a duniya ne kawai ba haka suke ba, kuma galibinsu jikokin makiyaya ne. Kiwo aka fara, kimanin shekara 10,000 da suka wuce, sannan ƙwayar halittar da ke taimakon mai shan madara ta yaɗu, domin masu ita sun fi rayuwa su bar baya. A 2007 binciken wata masaniya a Amurka, Sarah Tishkoff, ya nuna cewa sauyin da ya faru ga makiyayan Kenya da Tanzaniya daban ne da na Turawa. Kowa da hanyarsa, aka haɗu wuri guda.

Haka mutanen Bajau na Indonesiya, masu neman abinci ta nutso a teku: a 2018 an gano saifarsu ta fi ta maƙwabtansu girma, har da ta 'yan Bajau waɗanda ba sa nutson.

Sai dai irin wannan yakan ci ɗaruruwan zuriya. Sutura da gaisuwa da salon magana kuwa, a gaban idona na ga sun sauya, jinin kowa bai motsa ba. In abokanka sun ƙi yarda, ka kawo su in ka zo hutu. Ka gaishe da mahaifiyarka.