Lahadi a Bakin Aiki: Wasiƙa daga Jidda

Tambaya: Mama, barka da aiki. Ni ma'aikaciyar jinya ce daga Kafanchan, wata takwas ke nan ina aiki a wani asibiti a Jidda. A gida ina cikin zumuntar mata, ni ce ma mai buga tulu. Nan kuwa babu coci, Lahadi kuma ranar aiki ce. Nakan buɗe Littafi Mai Tsarki a waya in karanta, amma kamar ina cin tuwo ba miya. Maigidana da yara biyu suna gida. Wani lokaci sai in ji kamar na sayar da bangaskiyata ne saboda riyal. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yata, sannu da ƙoƙari. Wasiƙarki ta taɓa ni, domin ni ma na yi shekara shida a Jidda a irin aikinki. Zancen sayar da bangaskiya kam, ki ajiye shi. Neman abinci ya kai ki, ba gudun Ubangiji ba. Yusufu ya yi aiki a fadar Masar, Daniyel ya yi a Babila, ba wanda a cikinsu ya iske haikalin Ubangiji a can.

Ke ma kin taki sa'a. Tun 2013 hutun mako a Saudiyya ya koma Juma'a da Asabar. A zamaninmu Alhamis da Juma'a ne, Lahadi tana tsakiyar aiki sosai. Agogon can yana gaba da na gida da awa biyu, saboda haka da ƙarfe goma sha ɗaya ta yi sai zuciyata ta tafi gida: yanzu tara ta yi, mawaƙa sun shigo, wance tana raba ambulan na baiko. In tsaya riƙe da allura ina haɗiyar hawaye.

Wata Lahadi, daidai wannan lokaci, aka ba ni wata tsohuwa mai ciwon suga in wanke mata gyambo a ƙafa. Ɗakin ya ɗauki wari, ni kuma raina a ɓace. Ina kwance tsohon bandeji, ya manne da nama, sai na ji ta ce, "Wayyo Allah, a hankali." Da Hausa! Na ɗago na ce, "Sannu, Hajiya." Ta damƙe min hannu kamar ta ga 'yar cikinta. A Jidda aka haife ta, ba ta taɓa taka Najeriya ba. Kakanninta ne suka taso a ƙafa zuwa aikin hajji, suka ratsa Sudan, suka ƙetare Bahar Maliya daga Suwakin, suka zauna. Hausarta tsohuwa ce, gauraye da Larabci. Ta tambaye ni 'yar ina ce, na faɗa mata, har na ƙara da cewa ni Kirista ce. Ta yi shiru kaɗan, ta ce, "To, Allah ya yi miki albarka dai, hannunki da sanyi."

Ina tsugune, ƙafarta a cikin ɗan daro, tawul a cinyata, sai Yohanna 13 ta faɗo min. Sau nawa na ji an yi wa'azi a kan Yesu yana wanke ƙafafun almajiransa, ina zaune a benci da ɗaurin ɗankwali mai kyau? Ban taɓa tunanin cewa ƙafafun nan sun sha ƙura da gumi ba, ko cewa gwiwa tana ciwo in an daɗe a tsugune. Ranar na sani. Ban ce ya maye gurbin sujada ba, a'a, kewar coci ba ta bar ni ba har na dawo. Amma daga ranar na daina ganin Lahadi a matsayin ranar da aka ƙwace min.

Ga wata dabara da ta riƙe ni. Daniyel yakan durƙusa sau uku a rana, tagarsa a buɗe wajen Urushalima, kamar yadda sura ta 6 ta nuna. Ke kuwa kina garin da ake kiran salla sau biyar, ko'ina kike sai kin ji. Maƙwabtanki su tafi tasu ibada, ke ki mai da kiran ya zama ƙararrawarki. Da asuba nakan karanta Zabura guda, da azahar in ambaci sunan ɗana na fari, da la'asar na biyun, haka har lisha. Ba sai kin rufe ido ba. A lokacinmu ma shaguna sukan rufe in an kira salla, sai mutum ya zauna a bakin ƙofa yana jira, addu'o'i da yawa a nan na yi su. Ki kuma lura da na'urorin ruwan sanyi da masu gida ke ajiyewa a bakin titi don masu wucewa. Duk wanda ya sha zafin Jidda ba ya bukatar fasto ya fassara masa ƙoƙon ruwan sanyi na Matiyu 10:42.

Sai ki kiyaye dokar ƙasar mutane. Wa'azi ga wasu ko raba takardu haramun ne a can, kada zumuɗi ya jawo miki asarar igama, wato takardar izinin zama. Amma cikin abokan aikinki 'yan Filifin da 'yan Indiya akwai Kiristoci da yawa. Ki nemi mutum ɗaya mai hankali, ku riƙa karatu tare a ɗaki, cikin natsuwa. Mutum biyu ko uku Yesu ya ce, bai ce sai da benci da bagade ba. In kuma kika ga barci ya ƙaurace miki, abinci ba ya shiga, ki ga likita, ke ma kin san wannan ba na addu'a kaɗai ba ne.

Ranar Juma'a ki kira yara ta bidiyo, su karanta miki ayar haddarsu. Ki roƙi matan zumunta su ɗaukar miki waƙa ɗaya ta WhatsApp kowace Lahadi, ki saurara a motar asibiti. Idan wadda ta gaje ki ba ta iya bugun tulu ba, ki riƙe bakinki har ki je hutu. Ki sake rubuto min bayan Kirsimeti, ina so in ji yadda ta kasance.