Manhajar ces ta ce na yi nasara, amma wasan ya tashi canjaras

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Samaru, Zariya, kuma muna buga wasan ces (chess, wato darar Turawa) da abokaina kowace yamma. Kwanan baya na fi abokina sojoji biyu a ƙarshen wasa, bishof ɗina yana bin fararen gidaje, nasa yana bin baƙaƙe. Manhajar wayata ta nuna +3, amma na yi ta zagaye har muka tashi canjaras. Shin hasashen manhajar abin dogaro ne?

Amsa: Ɗan'uwa, manhaja tana duba ƙarshen wasa ta hanyoyi biyu, kuma ƙarfin maganarta ya danganta da wadda ta bi.

Hanya ta farko ita ce bincike da ƙiyasi. Manhaja irin su Stockfish tana hango motsi bayan motsi, tana watsar da rassan da ba su da amfani, kuma idan ta kai iyakar zurfin da za ta iya, sai ta auna matsayin da ta tsaya a kai ta ba shi lamba. A da, +1 yana nufin fifikon soja ɗaya. Daga shekarar 2022 Stockfish ta daidaita ma'aunin, ta yadda +1 yake nufin damar nasara kashi hamsin cikin ɗari idan manhajar tana karawa da kanta. Ko ta wane ma'auni, lambar ƙiyasi ce.

Abin da ya same ka shi ne abin da 'yan ces suke kira ganuwa, wato matsayin da mai rauni ya toshe kowace ƙofa, yana kai da komo da bishof ɗinsa ba tare da an iya kutsa masa ba. Idan bishof biyu suna kan launi daban-daban, hakan ya fi faruwa, domin naka ba zai taɓa iya korar nasa daga gidajen da yake tsarewa ba. Ɗan wasa mai gogewa yana ganin wannan da kallo ɗaya, ita kuwa manhaja, musamman a waya inda zurfin bincike yake gajere, tana ƙirga sojojinka tana murna. Alamar da nake koya wa ɗalibaina ita ce su bar ta ta yi dogon tunani: idan nasara ta gaskiya ce, lambar za ta riƙa hawa, idan kuwa ta kafe a +3 motsi bayan motsi, to ganuwa ce.

Hanya ta biyu ita ce rumbun ƙarshen wasa, wato taskar da kwamfuta ta adana hukuncin kowane matsayi idan 'ya'yan ces kaɗan suka rage a allo, kuma a nan ne nake amincewa da kwamfuta ba tare da shakka ba. Ana fara lissafi ne daga baya, daga matsayin da sarki ya mutu, a koma motsi ɗaya, a sake komawa, har a san hukuncin kowane matsayi: nasara, rashi ko canjaras. Masanin kwamfuta Ken Thompson ya yi wa matsayi masu 'ya'ya biyar wannan aiki a shekarun 1980. A 2012 aka kammala na 'ya'ya bakwai a Jami'ar Mosko, wanda ake kira Lomonosov, sannan a 2018 aka kammala na Syzygy, wanda dandalin ces na intanet mai suna Lichess yake bayarwa kyauta. A lura cewa sarakuna biyu suna cikin ƙirgar bakwai ɗin.

Ko a nan akwai abin kiyayewa. An gano matsayin da sai an yi motsi 549 kafin a kashe sarki, alhali doka ta ba da damar neman canjaras idan kowane ɓangare ya yi motsi 50 ba a ci ɗa ba, ba a kuma motsa soja ba. Syzygy tana la'akari da wannan doka. Haka nan, rumbun ya tabbatar cewa sarauniya tana cin hasumiya a yawancin matsayi, amma manyan 'yan wasa ma sun sha wuyar aiwatar da hakan a gaban agogo.

Ka sake jera wancan wasan a allo, ka ƙirga 'ya'yan. Idan sun wuce bakwai, ka gwada musayar sojoji har su sauko, ka ga hukuncin da rumbun zai yanke.