Tambaya da Amsa: Hayaƙin Bola da Gubar Asanik

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A bayan gidanmu akwai fili inda ake ƙona shara da wayoyi da guntayen katako kusan kullum da magariba. Na ji an ce hayaƙin yana ɗauke da gubar asanik. Haka ne? Yaya zan kare yarana? Daga wata uwa a Sharaɗa.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Ya danganta da abin da aka jefa a wutar. Shi asanik ba a ganinsa a iska, maƙalewa yake yi a jikin ƙananan ƙwayoyin hayaƙi, ya bi numfashi har can cikin huhu. Cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar huhu da fata da mafitsara. Tarayyar Turai kuwa ta ƙayyade kada asanik ya wuce nanogiram 6 kacal a kowace lita 1,000 ta iska. Nanogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram.

A ƙasashen masu masana'antu, daga ƙona kwal da narkar da tagulla asanik ya fi fitowa. Amma a unguwa irin taku, katakon nan shi ya fi ba mu tsoro. Akwai katakon da ake dura wa maganin gara mai haɗe da asanik da tagulla da kuromiyam. Ki duba inda aka yanke shi, za ki ga wani kore-kore ya ratsa cikin naman itacen, ba fenti ba ne. In ya ci wuta, wani kason gubar ya tashi da hayaƙi, sauran ya zauna a toka. Don haka kada a yi girki da shi komai arhar sa, kada a wanke tukunya da tokarsa, kada a zuba ta a lambu, kuma kada yara su yi wasa a kanta. Masu tuyar ƙosai da masu tsire ma su ji.

Da hunturu abin ya fi muni, don iskar magariba mai sanyi tana danne hayaƙin a ƙasa. A rufe tagogin ɓangaren filin, a riƙa goge ɗaki da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara, yara su wanke hannu kafin cin abinci. Mayafi ko rawani ba ya tace waɗannan ƙwayoyin, sai takunkumin N95 da ya kama fuska sosai. Sannan ku haɗa kai da mai unguwa a hana ƙonawar.

In kika ga ɗigo-ɗigon baƙi a fata, ko tafin hannu da na ƙafa suna kauri, a je asibiti a nemi gwajin fitsari. A daina cin kifi da kirefish kwanaki kaɗan kafin gwajin, don suna ɗaga sakamakon a ɗauka guba ce.