Amsa: Huda ƙarfe mai kauri don fin ɗin haro

Malam, ka ce farantin ƙarfenka kaurinsa milimita 20 ne, kana son ramin da fin ɗin haro (ƙarfen da ke haɗa haro, wato garmar farfasa ƙasa, da tarakta) zai shiga, injin huda na hannu kuma ya gagara. Fara auna fin ɗin tukuna: na ƙaramar tarakta milimita 22 ne, na babba irin MF 375 kuwa 28. Ka ƙara ɗan sarari kaɗan, ya riƙa shiga ba sai da guduma ba.

Don Allah ajiye injin hannun nan. Daidai lokacin da bakin injin zai ɓulla ta baya yake kamawa, ya murɗe wuyan hannu. Na ga yaron shagonmu a Samaru ya yi wata guda da ɗauri.

Kai shi wurin masu injin tana (masu feƙe ƙarfe da huda shi) a Sabon Gari. A ɗaure farantin tamau, a fara da ƙaramin baki na milimita 6, sannan babba. Juyi a hankali, kada ya wuce 300 a minti, ana ɗiga mai. In ɓarɓashin ya koma shuɗi, zafi ya yi yawa.

Mai walda zai ce ya ƙona maka da wuta cikin minti biyar. Ramin ba ya fita zagaye, fin ya dinga wasa, kafin damina ta ƙare ya ci gefen ramin.