Tambaya da Amsa: Barbara da Halin Karen Boerboel

Tambaya: Ina da karya Boerboel 'yar wata 10, ta fara jinin neman namiji. Wanda ya sayar mini ya ce in kawo ta barbara yanzu. Ya dace? Kuma gaskiya ne ɗaure kare da sarƙa na ƙara masa iya gadi? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Malam, kada ka kai ta. Manyan karnuka irin wannan ba sa gama girma sai wajen shekara 2, kuma ɗaukar ciki da wuri yana tauye ta, ga wahalar haihuwa. Jinin neman namijin yana zuwa kusan sau biyu a shekara, kowanne na ɗaukar kamar mako 3; ka killace ta har ya wuce. In ta kai shekara 2, likitan dabbobi ya ɗauki hoton ƙashin ƙugunta (X-ray) da na namijin. Gurɗewar ƙugu gadonta ake yi, kuma kare mai kilo 60 ko 70 da ƙugu ya lalace, tashi ma aiki ne gare shi. Ciki kwana 63 ne ko kusa da haka. 'Yan kwikwiyo a fara ba su maganin tsutsa a mako na 2, allurar rigakafin fabo (cutar amai da gudawar jini ta karnuka) a mako na 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk mako 3 ko 4 har mako na 16, ta haukan kare kuma a wata na 3.

Maganar sarƙa kuwa, kuskure ne da ya yi yawa a gidajenmu. Manoman Afirka ta Kudu sun raini wannan kare ne don tsaron gona, yana yawo cikin iyali, ya san na gida ya san baƙo. Wanda ya tashi a ɗaure bai san kowa ba, ranar da sarƙa ta tsinke yaron gida da ɓarawo duk ɗaya ne a wurinsa. Ƙarfinsa ba abin wasa ba ne: Denmak ta hana kiwonsa tun 2010. Ka saba wa kwikwiyo da mutanen gida, babur da awaki kafin ya cika wata 3.

Abinci kuma a raba shi sau biyu a rana, kada ya yi gudu bayan ya ci. In ka ga cikinsa ya kumbura, yana yunƙurin amai babu abin da ke fitowa, tumbi ne ya murɗe. A garzaya da shi asibitin dabbobi nan take, ba a kwana da wannan.